Askar Baba da Sumar Maliki

A shekarun da naira take sabuwa fil, akwai wani yaro a Abakpa, cikin Kaduna. Babansa ma'aikacin gwamnati ne. Kullum da safe Baba yakan zauna a gindin mangwaro, rediyo na gefe. Sai ya jingina madubi da randa, ya gyara fuska da askarsa. Kai, ƙamshin sabulun nan! Yaron yakan tsaya yana kallo, har kokonsa ya huce.

Wata Asabar Baba ya ce, "Da la'asar za mu unguwar Doka a ɗauke mu hoto. Kakarku tana son ganin Maliki."

Maliki ƙanen yaron ne. Kaka tana can ƙauye, ba ta taɓa ganinsa ba.

Mama ta ce, "Da wannan sumar kamar sheƙar tsuntsu?"

"In na dawo daga kasuwa zan aske masa," in ji Baba.

Baba na fita, yaro ya ce a ransa, "Aski har wani abu ne? Ai kullum ina gani." Ya ɗauko askar, ya ja Maliki bayan ɗaki.

"Zauna in mai da kai ango."

Babu ruwa, babu sabulu. Ya kafa aska a tsaye, ya ja. Gashi ya ƙi. Ya ƙara dannawa, ya ci gaba da kankara. Sai Maliki ya kwarma ihu, jini na bin bayan kunnensa.

Mama ta fito da gudu. "Na shiga uku! Kai, wa ya aike ka?"

Ta danne wurin da tsumma mai tsabta har jinin ya tsaya. Allah ya sa yankan bai yi zurfi ba. Amma kai fa ya lalace, nan gashi, can fili. Tsoro da kunya suka kama yaron, ya fashe da kuka.

Da Baba ya dawo, ya dubi kan Maliki.

"Baba, an fasa hoton ko? Ni na ja," in ji yaro.

"Kai ka ja. Aska ba abin wasan yara ba ce. Share hawayenka, kawo ruwan ɗumi."

Baba ya miƙa masa burushi da kwanon sabulu. "Jiƙa burushin. Yarfe shi kaɗan. To, juya."

"Ya yi, Baba?"

"Ina! Wannan ai ruwa ne. Juya har kumfar ta yi kauri kamar kindirmo. Ita ke tausasa gashi, aska ta wuce sumul."

Amma Maliki ya rufe kansa da hannu biyu. "Ba na so!"

Yaro ya durƙusa. "Yi haƙuri, Maliki." Ya lakaci kumfa ya ɗiga wa ƙanen a hanci. Maliki ya ƙyalƙyale da dariya, ya sauke hannu.

Baba ya jiƙa kan, ya shafa kumfa, ya wasa askar a jikin ɗamarar fata.

"Duba nan. Kwantar da aska ake yi, ba a tsayar da ita. Ka ja fatar da yatsu ta miƙe. Ka bi kwanciyar gashi, kaɗan-kaɗan, ban da dannawa."

Kafin la'asar kan Maliki ya yi tas. Aka sa masa hula sabuwa, suka tafi Doka. Mai hoto ya ce kowa ya yi murmushi. Maliki har da wangale baki, yana riƙe da hannun yayansa.

A hanyar gida yaro ya ce, "Baba, ashe duk kallon da nake yi ban iya ba."

"Kallo ba iyawa ba ne, ɗana. Abin da ba ka sani ba, tambayi wanda ya sani kafin ka taɓa. Mai tambaya ba ya ɓata."