Maɓallina a Hannun Kaka

"Auta, me kika gaya wa Kaka a kaina?"

Ko sannu da zuwa bai yi mini ba. Ya kashe injin walda, ya ɗage baƙin gilashin da ke fuskarsa, ya tsaya a gaban wata ƙofar ƙarfe da bai gama haɗawa ba. Na ajiye kular abincin da na kawo masa a kan benci.

"Me aka ce na ce?"

"Jiya na je gyara mata sakata, ta kama hannuna ta ce ta yi murna da na shiga ruwa. Wane ruwa, Auta?!"

"Masoyina, ka saurare ni..."

"An yi mini baftisma ban sani ba? Yaushe? Ina barci?"

Da a wata rana ce da na yi dariya. Ranar kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kaka ce ta raine ni tun rasuwar iyayena, da keken ɗinkinta, har idanunta suka tafi. Sharaɗinta ɗaya ne tak: ba za ta ba da ni ga wanda bai karɓi baftisma ba. Shi kuma Mai Walda, ko da yake ɗan gidan masu bi ne, tun da mahaifiyarsa ta rasu bayan wata shida ana azumi da addu'a a kanta, bai sake taka ƙofar coci ba. Ya ce ba zai shiga ruwa da fushin Allah a ransa ba.

Ni kuwa ina son sa, so mai hana mutum tunani. Sai na yanke hanya. Mako uku ke nan da na ce wa Kaka an yi masa a cocin kawunsa.

"Ranar Asabar manyana za su zo neman aurenki," ya ce, muryarsa ta sauka. "Ina ƙaunarki, Allah ya sani. Amma ba zan shiga gidan tsohuwar nan ta ƙarya ba. Ki gaya mata, ko in ce wa kawu kada su zo."

"Za ta hana ni kai!"

"Wataƙila."

Ya sauke gilashinsa ya kunna inji. Ko kular bai buɗe ba.

Kaka tana da wata al'ada da kowa a gidan ya sani. Tana da gwangwanin tsofaffin maɓallai, kowane maɓalli sunan mutum ɗaya ne a danginmu. Kullum da safe sai ta zube su a cinyarta, ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya, ta gane shi da yatsa, ta yi wa mai shi addu'a, ta jefa a gwangwanin. Birni take ce wa gwangwanin.

Tun ina ƙarama take ba ni labarin birnin sama: titunan zinariya, ƙofofi goma sha biyu na lu'ulu'u, babu kuka, babu makoki. Sai ta ɗaga yatsa ta ce masu shiga su ne waɗanda sunansu ke littafin rai, amma mai son ƙarya a waje zai tsaya. Maɓallina fari ne mai ƙyalli, daga rigar auren mahaifiyata. Shi take jefawa a ƙarshe, in ji ƙararsa ƙwal, sannan in tashi in ɗora ruwan shayi.

Mako uku ina guje wa wannan lokacin. Da na ji ta girgiza gwangwani sai in tsiri shara a tsakar gida.

Washegarin maganarmu da Mai Walda ban ɗauki tsintsiya ba. Na zauna a bakin gadonta ina kallo. Na kawu ya shiga. Na gwaggo ya shiga. Na yaya da ya yi shekara biyar bai leƙo mu ba, shi ma ya shiga. Cinyarta ta zama wayam. Ta ɗauki marfi za ta rufe.

Nawa bai shiga ba.

"Kaka... ina nawa?"

"Au, yau shara ta ƙare?"

Ta kwance bakin zanenta a hankali. Ga farin maɓallina a ƙulle.

Kuka ya ƙwace mini. Na durƙusa na kifa kaina a gwiwarta.

"Ƙarya na yi miki, Kaka! Ba a yi masa baftisma ba, ko cocin ma ba ya zuwa. Na ji tsoro ki raba mu... Ki yafe mini!"

"Na sani."

Na ɗago kai.

"Ni na goya ki, ja'ira. In za ki yi ƙarya sai kin haɗiye yawu tukuna. Ido ne ya tafi, kunne yana nan."

"To me ya sa ba ki ce komai ba?"

"Jira nake ki zo da ƙafarki." Ta shafa kaina. "Shekaranjiya na gwada mijin nawa. Na kama hannunsa na yi masa murna. Hannun ya yi sanyi. Ya ƙi tona miki asiri, ya kuma ƙi ce mini e."

Ta buɗe gwangwanin, ta laluba, ta fito da wani maɓallin ƙarfe mai tsatsa. Na gane shi nan take. Na rigar aikinsa ne, wanda ya ɓace tun farkon zuwansa gidanmu.

"Wata takwas ina jefa wannan," ta ce. "Ba ni ke riƙe da makullin birnin ba, Auta, roƙo kawai nake. Yaron nan ciwo ne a ransa, kuma Yesu ya san hanyar masu ciwo. Ba shi ya hana ni cin abinci mako uku ba. Ke ce."

Sai a lokacin na lura da yadda wuyan hannunta ya rame. Ni na ɗauka tsufa ne. Kullum ina kwashe kwanonta da saura, ina ce mata ta daina tsirfa. Ashe azumi take a kaina, tsohuwa mai shekara tamanin.

"Na riƙe ki a zanena ne don kada ki yi nisa," ta ce. "Na kusa tafiya. Ina so in tsaya a bakin ƙofar can in ji takunki."

"Kaka, zancen Asabar fa?"

"A ɗage shi."

Ban yi musu ba. Ba ni da bakin yi.

"Sharaɗina yana nan, ban janye ba. Amma kada wanda ya tura shi ruwa saboda ke. Ki ce masa sakatar nan har yanzu tana cijewa, ya zo ya duba. In ya zo ya zauna ya ba ni labarin mahaifiyarsa, ni ma na binne 'ya. Za ki iya jira?"

"Zan jira, Kaka."

"Ban ji kin haɗiye yawu ba," ta ce, tana murmushi.

Ta mayar da na ƙarfen. Ta ɗauki nawa, ta juya shi a yatsunta, leɓunanta suna motsi, ta daɗe sosai. Sannan ta sake shi.

Ƙwal!

"Tashi ki ɗora ruwa," ta ce. "Yau zan karya, yunwa nake ji."