Layin da Auta Ta Goge

Magariba ta kawo jiki, Inna ungozoma tana kwashe shanya, sai dutse ya faɗo kan rufin ɗaki. Wani ya biyo baya. Ta nufi ƙofar gida don ta ga mai jifa, ƙofa ta ƙi buɗuwa, alhali ba a sa sakata ba.

A ɗaki kuwa, Auta, ɗiyarta, tana zaune gaban kwamfuta, idanu a kafe. Ita ce ta kwashe tsofaffin littattafan haihuwa na Inna ta zuba a rumbun bayanai na kwamfuta. Auta akwai tsabtar aiki har ta yi yawa. A makon nan ta ga wani layi ba suna, ba unguwa, sai kwanan wata kawai, ta ce kuskure ne ta goge.

Kwana uku gidan ya koma kurkuku. Mai shigowa ya shigo, amma ba mai fita. Auta ba ci ba sha, Inna na kallon ɗiyarta tana zubewa, tsoro ya cika ta. Ta katanga ta roƙi maƙwabta suka kira Malam.

Malam ya daɗe yana karatu kafin bakin Auta ya motsa. Muryar wata mata ce, mai kauri.

"Ta goge mini ɗa."

Inna ta tuna wata baƙuwa da ta taɓa zuwa mata da naƙuda da magariba, ta haihu, ta tafi ba sawu a ƙasa. Ashe aljana ce.

"Me kike so?" in ji Malam.

"A mayar da komai yadda yake."

"Malam, Auta ta taɓa faɗa mini," Inna ta ce, "in aka ɗora tsohon kwafin bayanan da ta ajiye kan sabo, duk jariran bana sun ɓace."

"Ɗanki kaɗai za a mayar," Malam ya ce wa aljanar. "Kuma ba mai iyawa sai wadda kika riƙe. Sake ta."

"Hannuwanta kawai zan saka," in ji aljanar.

Yatsun Auta suka hau madannai, kanta na rataye. Baƙin allo ya buɗe. Ta rubuta umarni, ta zuba tsohon kwafin a wani rumbu na daban, farin rubutu na ta gangarowa. Ta lalubo layin, ta mayar da shi gurbinsa. Ƙidayar jarirai ta ƙaru da ɗaya.

Inna ta matso, ta dafa gwiwar ɗiyarta, ta yi tambayar da take yi wa kowace uwa.

"Yaron ya yi ƙwari?"

Muryar ta yi laushi. "Har ya fi ki tsawo, Inna."

Auta ta yi atishawa, ta ce tana jin ƙishi. Can waje, ƙofar gida ta buɗe da kanta.