Layin Sifili da Itacen Lemo

Wa ya fi son mace: wanda ya ba ta ranar da shi kansa bai tabbatar da ita ba, ko wanda ya ƙi furta rana don gudun ƙarya?

Har yau ban san amsar ba. Na dai san cewa ranar da Yayana ya banko ƙofar ofishinmu, dukansu biyun suna ciki, ni kuma ina tsakaninsu da kofin shayi a hannu.

"Auta, ajiye kofin nan."

Na ajiye.

Ofishin namu kwantena ce da aka yanka wa taga, a gefen ginin da kamfaninmu ke yi. Aikina tsara jadawalin gini a manhajar kwamfuta: kowane aiki da layinsa, sai kibiyoyi masu nuna wanda zai jira wani. Teburin da ke hannun dama na Injiniya ne, mutumin da nake so, wanda leburori suka raɗa wa Sai-an-duba, domin ko ƙarfe nawa ka tambaye shi sai ya duba agogo sau biyu. Na hagu kuma na jami'in saye-saye ne, abokin Yaya tun suna yara, wanda ake kira Nan-take. Shi ma ya ce yana sona. Shi kam har rana ya bayar, tun kafin in ce masa uffan.

Tun rasuwar Baba, Yaya ne uba. Sharaɗinsa ga Injiniya ɗaya ne: ya faɗi ranar aure, ko ya ba wasu wuri.

Duk sa'ad da aka tambaye shi kuwa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, sai an duba. Ba na son in faɗi abin da ba zan cika ba."

"An ce min akwai wani jadawali," in ji Yaya, yana kallona. "Na aurenku. A cikin kwamfutar nan."

Na waiwayi Nan-take, sai na ga ya duƙufa yana gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

Akwai jadawalin. Injiniya ne ya haɗa shi da hannunsa bayan na koya masa manhajar, ya zuba duk abin da ya rage a ɗan gidan da yake ginawa: rufi, wayar wuta, tayil, fenti. A ƙasa can ya rubuta, Ranarmu. Da ya nuna min, sai da na yi ƙwalla.

Amma akwai layin da ban koya masa ba. Mu a wurin aiki layin sifili muke kiransa. A ɓoye yake zuwa. Sai ka sa alama a wani ɗan akwati, sannan ya fito a saman komai, baƙar sanda guda doguwa, ya tattara aikin gaba ɗaya ya gaya maka ranar farawa da ranar gamawa. Ba a rubuta masa rana da hannu. Abin da ke ƙarƙashinsa kawai yake faɗa.

Injiniya ya sha tambayata, "Rabin raina, babu inda ake ganin duka a wuri ɗaya?"

Ni kuma in ce, "Bari sai wani lokaci."

Ko ginshiƙin ranaku na naɗe masa. Tsoro nake ji. Ƙananan layukan suna faranta min rai, yau an gama rufi, gobe an kawo tayil. Babban kuwa ba ya lallashi.

"Abokina ya gani da idonsa," in ji Yaya. "Ya ce shekaru ne a gaba. Shekaru, Auta! Umma na zaune tana jira, ke kuma kina nan kina shan shayi!"

"Ni fa ba da wata manufa na duba ba," in ji Nan-take. "Kwamfutar ofis ce, hannuna ne ya taɓa..."

"Hannunka ya taɓa, har ya sa alama, ya kuma cire ta?" na ce.

Ya yi tari.

Injiniya ya miƙe tsaye, ya cire hular kwanonsa ya riƙe a ƙirji. "Yaya, ni ban san da wani layi ba. Amma in akwai, a nuna. Ni ma ina so in gani."

"Ba zan buɗe ba," na ce.

"Sanyin idona..." Sai ya tuna Yaya na wurin, ya haɗiye sauran. "Don Allah ki buɗe. In ta yi nisa, gara mu sani tare."

Na ja kujera. Na kama linzamin kwamfuta. Na buɗe jadawalin, na je ɗan akwatin, na rufe ido na danna.

"Kai!" in ji Yaya.

Na buɗe ido. Baƙar sandar ta miƙe, ta wuce bana, ta wuce baɗi, ta fice daga allon gaba ɗaya. Ranar da ta nuna kuwa, ko 'yar Yaya da ke rarrafe za ta shiga makaranta kafin ta zo.

"Ka gani ko?" in ji Nan-take. "Ni da na ce watan gobe..."

Injiniya ya zauna a hankali. "Ba haka na zata ba," ya ce. "Wallahi ba haka na zata ba."

Hawaye ya cika min ido, amma idon mai jadawali ba ya hutawa. Gidan nan ya kusa kammaluwa, na sani, na gan shi. To me ke jan sandar? Na share ido, na bi kibiyar da ta shiga Ranarmu, na yi sama da ita. Ba daga fenti ta fito ba. Ba daga tayil ba. Daga wani layi ta fito wanda ban taɓa lura da shi ba, ya maƙale tsakanin katanga da ƙofar gida.

Na karanta shi a fili.

"Itacen lemo ya yi inuwa."

Yaya ya matso kusa da allon.

"Itacen me?" in ji Yaya.

"Lemo, Yaya," in ji Injiniya, kansa a ƙasa. "Ta taɓa cewa ba ta son gidan da ba shi da inuwar zama. Shi ne na dasa. Na tambayi mai sayar da dashe shekara nawa yake ɗauka, na rubuta abin da ya faɗa."

"Sai ka ɗaure auren ƙanwata a jikin bishiya?"

"Ita ta ce..."

"Ni na ce ina son inuwa!" na ce, ina dariya ina kuka. "Ban ce sai na tsufa a gidanmu ina jiranta ba! Haba, masoyi! Wannan ɗan tsiron da ko akuya ba za ta fake a ƙarƙashinsa ba?"

Yaya ya yi ƙoƙarin haɗe rai. Leɓensa ya ƙi. Sai ya fashe da dariya har yana dukan bangon kwantena, wani lebura ya leƙo ta taga ya ga ko lafiya.

Na kai linzami kan kibiyar zan goge ta.

"A'a, wannan maguɗi ne," in ji Nan-take. "Rana ba ta yi muku daɗi ba, sai ku gyara jadawali ya faɗi wadda kuke so? In ni na yi haka a aikin kamfani, ke ce ta farko da za ki kai ƙarata."

Hannuna ya tsaya. Ban so maganar ba, amma ba wofi ba ce.

"Da zan rubuta rana da hannuna, da ka yi gaskiya," na ce. "Tambayar ita ce, shin da gaske auren sai ya jira itacen? In sai ya jira, kibiyar ta zauna. Kuma ba ni na sa ta ba, don haka ba ni zan cire ba."

Na tura wa Injiniya linzamin.

Ya dube shi kamar garwashi. "Na so ki shigo ki tarar da komai ya kammala," ya ce a hankali. "Kada ki rasa ko abu ɗaya da kika roƙa."

"To wa zai riƙa ba shi ruwa in ka tafi aiki?" na ce. "Ni ina so in ga girmansa. Kada ka hana ni."

Ya kalle ni. Sannan ya danna.

Baƙar sandar ta tsuke, ta dawo da gudu cikin allo, ta tsaya a bayan fenti, cikin shekarar nan. Layin lemon kuma na cire shi daga jadawalin aure, na buɗe masa nasa shi kaɗai, ya yi ta girma ba mai matsa masa.

Nan-take ya tattara takardunsa ya ce yana da masu kawo yashi a waje. Yaya ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Sannu, abokina. Da ba ka kai tsegumi ba, da har yanzu muna jiran lemo."

Sai ya juyo, ya maido da fuskar uba.

"To, Malam Sai-an-duba. Na sake tambayarka. Yaushe?"

Na ga idon Injiniya ya nufi allo, na ga bakinsa ya fara haɗa kalmar da ya saba.

Ya miƙa hannu ya rufe kwamfutar.

"Asabar ta farko a watan tara, Yaya," ya ce. "In Allah ya yarda. An riga an duba."