Gadar da Baba Ya Karya

Ranar da suka fara haɗuwa, bokiti ya zo nema.

Malama tana goge allo a ɗakin kimiyya na makarantar 'yan mata sai ta ji motsi a bakin ƙofa. Ta juya ta ga wani dogon saurayi rungume da kwali har wuya, gam ya bushe a hannun rigarsa, fensir maƙale a kunne.

"Don Allah kuna da bokiti? Wanda ba za a yi kewarsa ba in ya fashe."

"Ina kwana," in ji Malama.

Kunya ta kama shi, kwalin ya kusa suɓucewa.

"Au! Ina kwana, Malama. Ki yafe min. Ni ne injiniyan da aka turo. Ƙungiyarmu ce ke zagaya makarantu don yara su taɓa aikin injiniya da hannunsu, ba a takarda kawai ba."

Ta miƙa masa bokitin goge-goge. Ya karɓa, idonsa ya daɗe a fuskarta fiye da yadda karɓar bokiti ke buƙata. Ita ma sai ta ga tana ta goge wurin da ta riga ta goge.

Aikin nasa mai sauƙi ne. Yakan raba wa 'yan mata siraran katako da gam, kowace ƙungiya ta haɗa ƙaramar gada. In ta bushe, sai a ɗora ta tsakanin tebura biyu, a rataya bokiti a ƙasanta, a riƙa zuba yashi kaɗan-kaɗan har gadar ta karye. Daga nan a auna yashin, a duba inda ta fara tsagewa, a sake gina wata. Babu gadar da ake bari da ranta. Kafin a yi nisa ɗalibai sun raɗa masa suna Karya-Gada.

Ajin da a da sai Malama ta yi ta roƙo kafin a ɗaga hannu, yanzu sai ta kore su in an tashi. Shi kuma Injiniya ya kamu da wata irin mantuwa.

Wata yamma saƙo ya shigo wayarta:

"Malamata, na manta sikelina a ɗakinki. Zan biyo gobe in ɗauka."

Ta mayar masa:

"Maɓarnaci, rannan gam ne, kafin nan almakashi. Anya kanka ba ya buƙatar gam?"

"Bari in faɗa miki gaskiya. Sikelin ban manta shi ba. Ajiye shi na yi."

"Na sani. Ina kallonka sanda ka tura shi bayan kabad."

Daga nan magana ta bar kan sikeli. Kafin zangon karatu ya raba, ya ce mata yana so ya gaida Baba.

Baban Malama ya yi shekaru yana tuƙa motar asibiti kafin ya ajiye aiki, kuma aikin bai ajiye shi ba. In ya ga ruwa a kan siminti, ƙafar da za ta goce yake hangowa. In ya ga yaro da cokali mai yatsu, ido yake gani. Malama ce autarsa, har yau in za ta tsallaka titi sai ya tsaya a ƙofar gida ya ga ta kai ɗaya gefen.

Ya karɓi Injiniya a falo, ya ƙare masa kallo daga hula har takalmi.

"To, aikin naka fa? A wane ofis kake zaune?"

"Ba na zama, Baba. Makarantu nake bi, muna gina gadoji da yara."

"Na siminti?"

"Na katako. Ƙanana."

"Wato wasan yara kake yi, ana biyanka."

Umma, da ke shigowa da shayi, ta yi tarin da ba na mura ba. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi zai yi tunani, kuma kowa a gidan ya san tunanin Baba ba ya sauri.

A ƙarshen layinsu akwai mai kemis, matashi mai tsafta da farar riga, wanda yake auna wa Baba jini duk sanda ya leƙa, ya kuma saurari labaran motar asibiti ba tare da ya ƙosa ba. Ya daɗe yana son Malama, ita ce dai ba ta taɓa ba shi fuska ba. 'Yar yayarsa tana ajin Malama, 'yar ƙaramar yarinya mai tsiwa da ake kira Barkono.

Wata rana, abin awo na matse a damtsen Baba, mai kemis ya zaro waya.

"Baba, ban so in nuna maka ba, amma kai uba ne. Dubi abin da aka yi wa 'yarmu a makaranta."

A hoton bidiyon, ga gada kyakkyawa, ga Injiniya yana ta zuba yashi. Gadar ta yi ƙara ta tarwatse. Barkono ta rufe fuska ta fashe da kuka, shi kuwa Injiniya ya tafa hannu, baki har kunne, yana cewa, "Madalla! Ta karye!" Nan bidiyon ya ƙare.

Awon jinin ranar bai yi kyau ba.

Da ya koma gida ya kira Malama da Umma, ya faɗa musu abin da ya gani a bidiyon.

"Auta, na gama tunani. Ban yarda ba."

"Baba, ai haka aikin yake. Sai ta karye ake..."

"Ni na san abin da ake gani bayan abu ya karye, shekaru nawa ina kwasowa. Mutumin da abu zai karye a gabansa ya tafa, yarinya na kuka yana dariya, wannan ba shi da tsoro a zuciyarsa. Wanda ba ya jin tsoro kuwa ba zan ba shi 'yata ba. Ranar da kika yi kuka, tafi zai yi?"

Umma ta ce, "Ka bari ya zo ya yi maka bayani mana."

"Idona ya riga ya yi min bayani."

Malama ta shiga ɗaki ta rubuta:

"Baba ya ga bidiyon Barkono. Ya ce a'a. Don Allah ka daina karya gadojin nan, ko na wannan zangon kawai, har ya huce."

Amsar ta ɗan jima kafin ta zo.

"Hasken ajina, ki ce in yi komai ban da wannan. In na bar su da gadojin da ba a gwada ba, na koya musu ado, ban koya musu aiki ba. Ke ma kin sani."

"Na gane. Wato gadar katako ta fi ni."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. A makaranta ta koma ce masa Injiniya, babu ko ɗigon Maɓarnaci. Ya rame har fensirin kunnensa ya fara yi masa yawa. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne ta san gaskiyarsa, domin da kanta take taya yaran ɗaura bokiti.

Ana gab da ranar baje kolin gadoji, wadda aka gayyaci iyaye, sai ta rubuta masa:

"Na huce da kai, amma Baba bai huce ba. Ka karya su da kyau, Maɓarnaci. Sauran mu bar wa Allah."

Ba wanda ya gayyaci Baba. Shi ya sa babbar riga ya ce wa Umma zai je ya ga ɓarnar da idonsa, don kada gobe a ce waya ce ta yanke masa hukunci. Ya zauna can baya a zauren taron, kusa da ƙofa, inda ya saba zama ko'ina saboda ko ta-kwana.

Da aka zo kan gadar su Barkono, sai Injiniya ya ce yau daga cikin iyaye ake son wanda zai zuba yashin. Wata ɗaliba ta waiga ta ƙwala, "Ga Baban Malama can!" Kafin ya gama cewa shi kallo ya zo yi, an riƙo hannunsa an kai shi gaba. Malama ta dafe ƙirji. Injiniya ya matso ya tarbe shi.

"Sannu da zuwa, Baba. Ga wannan, don Allah ka sa." Ya miƙa masa tabarau na roba.

"Na mene ne?"

"Tsinken katako yakan yi tsalle."

Baba ya sa. Sai a lokacin ya lura duk yaran da ke gaba suna sanye da irinsa. Ya ga an ja layi da alli a ƙasa, babu ƙafar da ta ƙetare shi. Ya ga tsohuwar katifa shimfiɗe a ƙarƙashin bokitin. Ya ga an ɗaure ƙafafun teburan da igiya.

"Baba, ɗan ja ƙafarka baya. Ƙara kaɗan. Yauwa. Hannun rigar ma a naɗe shi."

Baba ya fara zuba yashi da kofi. Zauren ya yi tsit. Bokiti ya yi rabi, gadar ba ta motsa ba. Ya wuce rabi, sai ta yi wata 'yar ƙara. Baba ya tsaya cak.

"Ya isa haka. Ta yi ƙoƙari. A bar wa yarinya abinta."

Barkono ta riƙe ƙugu. "Haba Baba, ƙara mana! Ko waccan ta farko ta wuce nan kafin ta mutu."

"Ba ke ce kika yi kuka ba?"

"Ni ce. Ai don ta 'yan ɗaya ajin ta fi tawa ɗauka ne. Yau sai na rama. Zuba!"

Iyaye suka kwashe da dariya. Baba ya zuba, hannunsa na rawa. Ya ƙara. Ya sake ƙarawa, bokiti ya kusa cika. Sai gadar ta yi wani kuka ta rabe gida biyu. Baba ya yi salati ya kai hannu zai tare bokitin, amma kafin ya kai an fizgo shi ta baya da ƙarfi, har hularsa ta faɗi. Bokitin ya dira a kan katifa, daidai inda hannunsa ya nufa.

'Yan mata suka ɓarke da ihu. Barkono ta durƙusa tana jujjuya gutsattsarin. "A tsakiya ta karye, ba a gefe ba! Gefen ya riƙe! Malama, gefen ya riƙe!"

Baba bai ji su ba. Hannun da ya damƙe masa damtse yake kallo, hannun Injiniya. Hannun ya jiƙe da gumi, kuma ya fi nasa rawa.

"Baba, ba ka ji ciwo ba? Mu ga yatsun. Motsa su. Wannan ma."

"Lafiyata ƙalau." Ya dube shi sosai. "Kai, rawar me kake yi?"

"Kullum haka nake, Baba. Tun daga kofin farko cikina yake ɗurar ruwa. Yaran mutane ne. In tsinke ya shiga idon wata, me zan ce wa ubanta?"

"To tafin fa? Da dariyar?"

"Ai in suka ga tsoro a fuskata, babu wadda za ta sake gina wata. Shi ya sa nake tafawa. Amma tafin farko na godiya ne, don ta karye ba ta taɓa kowa ba."

Baba ya cire tabarau. Ya dubi katifar, ya dubi igiyar teburan.

"Katifar nan ta yi siriri," ya ce a ƙarshe.

"Ni ma abin yana damuna. Ina so in ƙara wata."

"Kuma ƙofar zauren nan ciki take buɗewa. In wani abu ya faru fa?"

"Wallahi Baba na yi wa shugabar makaranta magana, har ta gaji da ni."

Malama tana gefe tana kallonsu. Su biyun suka zagaya zauren suna nuna wa juna wayar wuta da ta zazzago da tagar da gilashinta ya tsage, kowa na cewa, "Ka gani ko?" An gama raba kyauta, an fara kwashe kujeru, ba su gama ba.

Da suka isa gida Baba ya zube a kujera ya cire hula.

"Yaron nan," ya ce wa Umma, "ya fi ni tsoro."

"Inna lillahi! Ku biyu kenan. Auta, Allah ya ba ki haƙuri."

"Ki ce masa ya turo manyansa."

Malama ta ruga ɗaki, ta ɗauki waya ta rubuta masa:

"Maɓarnacina, Baba ya ce ka turo."

"Ki sake turowa, Hasken ajina. Ina tsoron ko idona ne."

Mai kemis ya ji labari ya haɗiye takaicinsa. Ya ce shi ma guntun bidiyon aka turo masa. Baba bai ja maganar ba, ya ci gaba da kai masa damtsensa, kuma ranar ɗaurin aure ya zo da wuri ya taya jera kujeru.

An ɗaura aure cikin jama'a da fara'a, 'yan ajin Malama sun cika gidan da hayaniya. Da lokacin tafiyar amarya ya yi, Baba ya sa aka kira masa su biyun. Ya shirya dogon jawabi, amma da ya ga autarsa a lulluɓe sai jawabin ya gudu. Ya kamo hannunta, ya daɗe yana riƙe da shi, sannan ya dubi angon.

"Tun ranar da aka haife ta nake ɗauke da fargabarta ni kaɗai. Yau na samu mai kama min. Ga ta nan."

"Na karɓa, Baba," in ji Injiniya.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu jin magana, ya tsare ku daga abin da kuka hango da wanda ba ku hango ba."

Duk ɗakin aka amsa da amin. Umma ta miƙa wa Baba gefen mayafinta, ya ce shi ba kuka yake ba, sannan ya karɓa.