Waƙar Kanari a Bakin Wani

Ranar Laraba da hantsi Kanari ta ji waƙarta tana tashi daga shagon mai aski, kuma ba muryarta ce a ciki ba. Kiɗan nata ne, baitukan nata ne, amma wani ƙato ne yake rerawa ta hanci. Ta fizge wayar mai askin ta duba. Ɗan Gayu ne, mawaƙin nan mai mabiya rututu, ya sake ta a shafinsa tun jiya, har mutum dubu arba'in sun saurara. Ita kuwa jibi Juma'a ta sa za ta fitar da waƙar. Wata biyar tana talla da hotuna da ƙirga kwanaki, ba ta bari kowa a waje ya ji ko baiti ɗaya ba. Mawaƙiyar da ba ta da kamfani a bayanta, ba ta da mai tallata ta sai kanta.

Ta faɗa ofishin kawunta, sufeton 'yan sanda, ko sallama babu. Ya ce a gida ne yake kawu, a nan Sufeto ne, ta zauna ta yi magana kamar mai hankali. Shi dama bai taɓa son wannan sana'a tata ba, amma sata sata ce, kuma da ya ji bayani sai da jijiyar wuyansa ta tashi. Masu dandalin da aka ɗora waƙar ba za su sauke ta ba sai da hujja. In Juma'a ta yi babu hujja, duk ranar da ta saki tata, ita za a kira ɓarauniya. Ya kira Ɗan Gayu a waya, mara kunyar ya ce a mafarki waƙar ta zo masa, ya kashe.

Mutum uku ne suka taɓa riƙe waƙar. Sufeto ya fara da ƙanwar Kanari, mai kula mata da shafi. Tana kuka ta miƙa wayarta. Guntun amshi ne kawai a ciki, na daƙiƙa talatin, wanda aka ba ta ta ɗora ranar Alhamis. Ɓarawon kuwa yana da kiɗan minti huɗu cur, don haka ya ce ta share hawayenta ta tafi.

Na biyu Injiniya ne, mai sutudiyo. Ɗaki ne ƙarami, an manne bangonsa da soso, ga zafi kamar a gasa mutum, don ba a kunna fanka in ana ɗauka. Komai na waƙar yana cikin kwamfutarsa, shi ya sa Sufeto ya fi zarginsa. Injiniya ya rantse, ya buga tebur, ya ce shekara tara yana wannan aiki ba a taɓa yi masa irin wannan cin mutunci ba. Sufeto ya ce ya adana rantsuwarsa, ya kunna ta gaskiyar da ta satar, ɗaya bayan ɗaya. A kunnen Sufeto kiɗan duk ɗaya ne. Amma da ta satar ta wuce amshi na biyu, Kanari ta ja tsaki.

“Ji banzar lanƙwasar nan ma da na hana, ita ya saka.”

“Tsayar,” in ji Sufeto. “Wa kika hana?”

Mai Jita, makaɗinta, shi ta hana, kuma shi ne na uku. Ranar gwaji ya yi wani salo a wannan gurbin, yana jan wayar jita yana lanƙwasa ta, ita kuma ta ce yana danne mata murya, ya kaɗa a miƙe. Har sun yi cacar baki. Injiniya ya nuna layin jitar a kwamfuta: miƙaƙƙen kaɗai ne a ciki, don ranar gwajin bai danna ɗauka ba. Sufeto ya tambayi abin da aka taɓa tura wa Mai Jita. Injiniya ya ce abin da ake tura wa kowane makaɗi, wato kiɗan gaba ɗaya ban da kayan kiɗansa, don ya bi da hannunsa a gida. Kanari ma ta rera masa baitukan a ciki, ya san inda zai shiga.

Sun same shi a ɗakinsa da azahar, jita biyu rataye a bango, waya a kan sanda da fitilar ɗaukar bidiyo a gabanta. Ya gaishe su da fara'ar da ba ta kai ciki ba, ya ce shi ma ransa ya ɓaci da ya ji labari.

“Ɗauko jitar ka kaɗa mini abin da ke bayan amshi na biyu,” in ji Sufeto.

“Na manta shi, ranka ya daɗe.”

“To bari in tuna maka. Da Injiniya ne ya sata, da jitar da ke ciki ita ce wadda aka ɗauka. Wanda ya sata, kwafinsa ba jita, dole ya sake kaɗa ta. Mutum uku ne a duniya suka ji lanƙwasar nan. Ɗaya ta tsane ta, ɗaya bai iya riƙe jita ba. Kai kuma da ka samu fili babu mai hana ka, hannunka ya kasa haƙuri.”

Mai Jita ya juya kan Kanari. Ya ce waƙa huɗu ya kaɗa mata, ko sau ɗaya ba ta rubuta sunansa a ƙasan bidiyo ba. Tana ambaton mai ɗinkinta, tana ambaton mai kwalliyarta, shi kuwa ko oho, alhali ta nan ake ganin makaɗi a kira shi aiki. Ɗan Gayu ya yi masa alkawarin sa sunansa a sama, kowa ya gani.

“Ya sa?” in ji Sufeto.

“Ya ce zai gyara.”

“Kira shi.”

Ya kira sau uku, bai shiga ba. Ya duba saƙo, ya ga an toshe shi. Nan ya zauna a bakin gado, ya miƙa wayar da kansa, da duk hirarsu a ciki da ranar da ya tura kiɗan. Kanari ta ce da ya buɗe baki ya faɗa mata, da ta rubuta. Ya ce ya faɗa, sau biyu, ta ce za ta gyara. Sufeto ya harare ta, ta san Mai Jita ke da gaskiya, kuma wannan ya fi satar ƙona mata rai.

Da hirar da rubutaccen bayanin Mai Jita aka sauke waƙar Ɗan Gayu ranar Alhamis da yamma, bayan mutum dubu ɗari da ashirin sun haddace ta a bakinsa. Ranar Juma'a Kanari ta saki tata, ta zauna da waya a hannu tana jiran sharhin farko. Bai yi minti biyu ba ya shigo: “Baiwar Allah, ki ji tsoron Allah, wannan ai waƙar Ɗan Gayu ce.”