Jikar Ado Mai Ganga

"Wannan waye?"

Gwaggo Ɗelu ta turo wayarta tsakiyar tebur, saura kaɗan ta kifar da shayin Barira. Ƙanwar mahaifin Zahraddeen ce. Ganin likitan gwiwa ya kawo ta Kuala Lumpur, amma tunda ta zo, sai ta ga ya dace ta duba lafiyar asalin Barira, yarinyar da ɗansu yake son aura.

Tsohon hoto ne, fari da baƙi. Wani saurayi cikin kwat yana zaune bayan gangunan Turawa, sanda biyu a hannu, yana dariya. Mutum takwas sun kewaye shi, kowa da abin busarsa.

"Kamila ta turo min, abokiyar ɗakinki. Ta ce a akwatinki ta gani, wai kakanki ne. Ke kuma kin ce mana ma'aikacin jirgin ƙasa ne."

Kamila dai ta shekara biyu tana kai wa Zahraddeen girki, don Allah kawai, in ji ta.

Barira ta dubi Zahraddeen. Ya duƙufa yana nazarin roti, gurasar Indiyawa da ke gabansa, kamar a kansa yake digirinsa na uku.

"Ban san shi ba, Gwaggo."

"Ba ki san shi ba?"

"A wurin masu tsofaffin kaya na saya... hoton ne ya burge ni."

"Alhamdu lillahi! Ni dama na faɗa. Mu gidanmu ba mu taɓa haɗa jini da maroƙa ba."

Wayar Gwaggo ta ɗauki ƙara da waƙar da wani maroƙi ya yi wa mijinta. Ta bari sai da aka zo kan sunanta sannan ta amsa.

Ado, kakan Barira, bai taɓa roƙon kowa ba, amma a binciken aure ba a tsayawa bambance ganga da ganga. Ɗan masu kalangun mahauta ne a Jos. Yana shekara sha shida wani Baturen kuza ya ji hannunsa, ya zaunar da shi bayan gangunan kulob ɗinsu a Bukuru. Daga faifan garmaho ya koyi jaz, irin mai sa Turawa juyi da matansu. Bayan yaƙin Hitila ya haɗa ƙungiyarsa ta mutum tara, suka buga a Kaduna da Ikko, har Ankara ta ƙasar Gana. Jirgin ƙasa kam ya shiga da yawa, kuma iyakar gaskiyar da ke cikin maganar Barira ke nan. Da yayin ya wuce ya sayar da gangunan, ya je Makka, ya buɗe shagon gyaran agogo.

Shi ya raini Barira bayan rasuwar babanta. Amaryata yake ce mata. In ta ƙi cin tuwo sai ya ɗauki cokali biyu ya hau bugun kwanon, ta yi ta dariya har ya samu hanyar sa mata loma.

Wannan mutumin ta ce ba ta sani ba, a shagon abincin Indiyawa da ake kira mamak, tsakanin roti da shayi.

Da la'asar Zahraddeen ya raka ta tashar jirgi ta Taman Melati.

"Kin yi ƙoƙari, masoyiyata. Na zaci za ki rikice."

Ta tsaya cak.

"Ka sani?"

"Haba, Barira. Goshinku ɗaya. Kuma duk laburare an san ki da bugun tebur da biro."

"Ka sani, ka zauna kana cin roti?"

"To me zan ce? Ya wuce lah, in ji mutanen garin nan. Gwaggo ta yarda, jibi za ta koma, a sa rana. Ki dai tsaya a kan maganarki."

"Har yaushe?"

"Ai ya rasu, zuciyata. Ba zai ji ba."

Gaskiya ne, kuma shi ya fi yi mata ciwo. Da yana raye, da ta kira shi ta ba shi haƙuri, ya yi mata tsiya, a wuce wurin.

Washegari da hantsi ta buga ƙofar masaukin Gwaggo a Sri Petaling. Zahraddeen na ciki, yana ɗaure tsaraba.

"Gwaggo, ƙarya na yi miki jiya."

"Wace ƙarya, 'yar nan?"

"Kakana ne. Alhaji Ado Mai Ganga. Shekara ashirin yana kiɗa, shi ne shugaban waɗannan mutanen na hoto. A hannunsa na tashi, shi ya kai ni makaranta... Kamila munafuka ce, amma ba ta yi ƙarya ba."

Gwaggo ta yi salati mai tsawo.

"Zahraddeen, ka ji abin da Allah ya tsare ka da shi?"

Ya ci gaba da jan igiya, kodayake ƙullin ya riga ya ɗauru. Barira ta juya za ta fita.

"Na daɗe da sani, Gwaggo," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ni na ce ta ci gaba da ɓoyewa. Ita ta ji kunya ta dawo. Ni ko kunyar ban ji ba sai yanzu."

"To sai ka zaɓa!"

"Na zaɓa. Baba zan kira da kaina."

Wata takwas dangi suna taro a kan ganga da aka sayar tun kafin a haifi yawancinsu. A ƙarshe mahaifinsa ya gaji, ya yi tambaya ɗaya: mutumin yana salla? Aka ce yana yi har ya rasu. Ya ce a sa rana.

Gwaggo ta aiko da sharaɗi: a katin gayyata a rubuta "iyalan marigayi Alhaji Adamu Jos", kada a ƙara komai.

Barira ta karɓi takardar daga hannun Zahraddeen, ta soke layin, ta rubuta nata.

"Gwaggo ba za ta zo ba fa," ya ce.

"Na sani."

Ya karanta, ya ɗauki biron. Ta zaci soke nata zai yi.

"Mai Ganga da manyan baƙaƙe za a sa, amaryar Ado. Wannan ya yi ƙanƙanta."