Dashen Mangwaro a Gonar Aro

Ranar da Rufaida ta fara ganin Ghali, yana tsugunne a gindin tsamiya, hannunsa dumu-dumu da taɓo. Horo aka kira malaman firamare a Tudun Wada, kan yadda za a fitar da yara daga aji a koya musu a fili. Ita kuwa daga Ɗansoshiya ta taso da sassafe, ta ci ado da farin mayafi, a zatonta za a zauna ƙarƙashin fanka a raba biro da ruwan leda. Sai ta ji wannan saurayin yana cewa kowa ya tuɓe takalmi ya auna inuwar bishiya da tafin ƙafarsa.

Manyan malamai suka hau gunaguni. Rufaida ta riga kowa cire takalmi. Dama ita ba ta iya zama wuri ɗaya, Inna Hasiya, mahaifiyarta, kan ce tun tana ciki take shure-shure. Ajinta kuma kwano ne a sama, da hantsi ya yi yara sai gyangyaɗi, ita sai kai-kawo tsakanin allo da taga.

Ta auna inuwar, ta juyo, gefen mayafin ya share taɓo.

“Malama, kin ɓata mayafinki,” in ji shi.

“Kai da ka ɓata hannu da riga har da goshi ba ka damu ba, sai ni?”

Ya shafa goshin don ya goge, ya ƙara masa wani. Dariyar da ta ƙwace mata ita ta jawo komai.

Kafin a tashi daga horon ta san ɗan Riruwai ne, mahaifinsa tsohon mahaƙin kuza, shi kuma malamin kimiyya da ake turawa makarantu ya ga yadda darasin waje yake tafiya. Ya karɓi lambarta wai don aiki. Saƙon farko kam na aiki ne. Na biyu ya fara karkacewa.

“Inuwata, yau na auna inuwar dutsen bayan gidanmu, ta fi ta tsamiyar nan tsawo, amma ba ta kai ta sanyi ba. Na rasa dalili.”

Ta karanta, ta kife wayar, ta ɗauka ta sake karantawa, sannan ta rubuta: “Ɗan Taɓo, dalilin yana Ɗansoshiya yana gyaran jarabawar yara. Ka bar shi ya yi aiki.”

Makarantarsu ba ta da fili sai ɗan tsakar da ake taron safe. Amma bayan katanga gonar mahaifinta ce, Malam Gwadabe, kuma akwai wani yanki a gefe da bai shuka ba a daminar. Ta durƙusa ta roƙe shi aro. Yana gyaran ƙotar fartanya ya ce ta ɗauka, aro ne dai, in kaka ta yi a mayar masa da abarsa.

Nan yara suka koyi lissafi da ƙwayar wake, suka auna kunya da igiya, suka gane dalilin da ruwa ke kwanciya a wani wuri ya gudu a wani. Masu gyangyaɗi suka zama masu tambaya har sai ta gaji. Ghali ya zo dubawa, ya sake zuwa dubawa, har hedimasta ya ce bai taɓa ganin makarantar da ake dubawa haka ba. Ranar da ya je gaida Malam Gwadabe a zaure, tsohon ya amsa da sakin fuska, ya tambaye shi mutanen gida. Rufaida tana bayan ƙofa tana saurare.

Wanda abin bai yi wa daɗi ba shi ne Badamasi, ɗan ƙanwar Malam Gwadabe, mai sayen hatsi a kasuwanni. Ya daɗe yana zuwa zance, ita kuma ta daɗe tana ba shi amsar da ba e ba, ba a'a ba. Ba mugu ba ne, sai dai duk hirarsa farashin masara ce, ita kuwa hamma take yi.

Wata Laraba Rufaida ta tafi suna Kiru. A ranar Ghali ya ɗauro dashen mangwaro a bayan babur tun daga Riruwai, yana murna zai ba ta mamaki. Ya tara yara, suka jera ramuka a yankin nan na aro, kowane rukuni da dashensa. Ya ɗauki hoto ya saka a zauren malamai na waya, ya rubuta a ƙasa: lambun makaranta.

Allah sarki. Wanda ya tashi a gidan haƙar kuza, bai taɓa aron gona ba, ina zai san cewa mai aro yana shuka abin da zai girbe ya tafi ne kawai? Gero, wake, gyaɗa, duk babu laifi. Amma bishiya tana daɗewa fiye da wanda ya dasa ta, kuma gobe ita za a nuna a ce ga shaida, wurin nan namu ne. Yaran sun sani sarai, sai dai wa zai ce wa malami a'a?

Kafin la'asar hoton ya isa wayar Badamasi, kafin magariba ya isa idon Malam Gwadabe.

Rufaida ta dawo ta tarar da gidan tsit. Mahaifinta bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata ta ke nan.

“Na ba ki aro, kin kawo mini mai dasa bishiya. Har da rubutu, wai lambun makaranta. Gonar da na gada, gobe a ce ta hukuma ce.”

“Baba, wallahi ban sani ba.”

“Na yarda. Amma wanda ya shiga gonata ya kafa shaida bai tambaye ni ba, ba zan ɗauki 'yata in ba shi ba. Kar in sake ganinsa a zauren nan.”

Badamasi da ke zaune gefe ya ce a bar masa, da safe zai tuge dashen ya watsa wa awaki. Tsohon ya ce gonar ba ta rasa mai ita ba. Da zai fita, Badamasi ya rage murya ya ce wa Rufaida irin su Ghali hoto kawai suke nema su nuna wa manyansu, in sun samu sai su ƙara gaba. Ta yi kamar ba ta ji ba, amma maganar ta shige ta.

Ta kira Ghali, waya ba ta shiga. Ta rubuta: “Don hoto ka zo Ɗansoshiya? Ka faɗa mini gaskiya, zan iya ɗauka.” Saƙon ya tsaya da alama ɗaya. Ruwan sama ya lalata sabis a Riruwai, ita ba ta sani ba. Ta share tsakar gida da aka riga aka share, ta wanke kwanukan da ke wanke, ta hau turmi tana ɗaga waya sama. Inna Hasiya ta ce in ba ta sauka ba za ta daka ta tare da geron. A aji kuwa ta rufe tagar da ke kallon gona, ta buɗe, ta sake rufewa. Tana jin haushinsa, tana kewarsa, ta rasa wanne ya fi.

Sai ranar Asabar amsa ta shigo.

“Inuwata, yanzu saƙonki ya iso. Na tambayi wani dattijo manomi a nan, ya faɗa mini girman abin da na yi. Na goge hoton. Ba hoto ya kai ni ba, ke ce. Jibi ina tafe.”

Ranar Litinin da hantsi ta hango shi ta taga. Bai doshi gona ba. Gidan mai unguwa ya fara zuwa, suka taho tare, ya ajiye babur nesa, ya tuɓe takalmi ya durƙusa gaban Malam Gwadabe a ƙofar gida. Abin da aka faɗa a wurin, Inna Hasiya ce ta kawo mata daga baya. Bai ce don yara ya yi ba, bai ce don ilimi ba. Cewa ya yi gona ta Baba ce, ga mai unguwa shaida, makaranta ba ta da ko taku ɗaya a ciki, shi ma haka. Ya yi kuskure cikin jahilci, yana neman izini ya shiga ya gyara.

“Shiga ka cire,” in ji tsohon.

Rufaida ta so a ce an yafe a bar su. Ba a ce ba. Tana tsaye da alli a hannu ta ga Ghali ya tsugunna yana haƙa kewayen kowane dashe, yana ɗago shi da ƙasarsa don kar saiwa ta tsinke, yana mayarwa cikin leda. Rana ta take, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Malam Gwadabe yana tsaye a kan iyaka, hannu a baya, bai ce sannu ba. Har na ƙarshe ya fita, Ghali ya cike ramukan ya daidaita ƙasa. Hawaye ya zubo mata a gaban yara, ta ce ƙurar alli ce.

Yana ɗaure su a babur tsohon ya tambaye shi ina zai kai su. Ya ce Riruwai.

“A wannan ranar? Kafin ka wuce Tudun Wada sun mutu. Sauke su bayan rumbu.”

Ya sauke, ya yi sallama, ya tafi bai ko kalli tagar ba. Da yamma saƙo ya zo: “Ban kalle ki ba don Baba bai ba ni izini ba. Amma na san kina wurin.” Ta rubuta: “Ɗan Taɓo, ka yafe mini zargin da na yi maka.”

Makonni suka shuɗe babu wanda ya tada maganar. Rufaida ta rame, ta ƙara rashin zama. Badamasi ya zo da turare da alkawarin gida a Kiru, wannan karon ta ba shi amsa a fili cikin ladabi, ya tafi ransa a ɓace. Wata safiya ta fito za ta makaranta, sai ta ga mahaifinta bayan rumbu da buta, yana bin ledojin nan ɗaya bayan ɗaya yana zuba musu ruwa. Sun yi sabon toho ja. Ya ɗago ya gan ta, ya haɗe fuska.

“Me kike kallo? Ki ce wa yaron nan ya turo manyansa.”

Ta ruga ɗaki da takalmi ƙafa ɗaya. Daga baya ya ce wa Inna Hasiya shi dama jira yake ya ga ko yaron zai kawo masa takardar hukuma ko zai kawo kansa, sai ya kawo kansa.

Bayan kaka aka ɗaura aure a ƙofar gida, mutanen Riruwai mota guda. Da aka shafa fatiha, Malam Gwadabe ya ce jama'a su dakata. Ya ce yankin nan na bayan makaranta ya ba Rufaida kyauta, halak malak, kowa ya shaida. Sannan ya juya ga ango.

“Abin da ya hana dashe, aro ne. Yanzu ba aro ba ne. Sai dai wannan karon ka tambayi mai gona tukuna.”

Aka kwashe da dariya, Ghali ya sunkuyar da kai yana share ido da hannun babbar riga.

Rufaida tana ɗaki cikin ƙawaye, lulluɓe, an hana ta motsi, ƙafarta sai rawa take, wayarta ta yi ƙara.

“Ranki ya daɗe mai gona, baƙo ne daga Riruwai yake neman izinin dasa mangwaro. Ya yi alkawarin zama ya ba su ruwa har tsufansa.”

Ta rubuta da yatsun da suka sha lalle: “An ba ka, Ɗan Taɓona. Ka zo da yaran, kowa ya mayar da dashensa gurbinsa.”

Inna Hasiya ta leƙo ta ga amarya tana dariya tana kuka. Ta dafa kanta ta ce Allah ya ba da zaman lafiya, ya sa su ga jikokinsu suna karatu a inuwar bishiyoyin nan. Ɗakin duka ya amsa da amin.